BABI NA UKU: BITAR ALBASHIN MA'AIKATAN GWAMNATI DA YADDA AKE TSAYAR DA SHI, NAZARI DAGA GYAƊI-GYAƊI DA TARAUNI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da ire-iren sana'o'in mazaunansu. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake bitar albashin ma'aikatan gwamnati da yadda ake tsayar da shi, domin da yawa daga cikin magidantan waɗannan unguwanni da albashi suka dogara. Za a fara da ma'anar albashi, sannan a kawo ire-iren ma'aikatan da ke yankin, a bi tarihin bitar albashi a Nijeriya, a kuma nuna matakan da ake bi kafin ƙari ya iso aljihun ma'aikaci a Kano. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, tun zamanin Turawa ba a cika waiwayar albashi ba sai tura ta kai bango, kuma wannan jinkiri shi ne yake cinye amfanin ƙarin tun kafin ya zo hannu.

3.1 Ma'anar Albashi da Bitarsa

Albashi shi ne kuɗin da ake biyan ma'aikaci a ƙarshen kowane wata a matsayin ladan aikinsa. Ya bambanta da ladan ɗan ƙwadago wanda ake sallama kullum, domin shi albashi an rubuta shi, an san adadinsa, an kuma san lokacin fitarsa. A aikin gwamnati, kowane ma'aikaci yana da matakin albashi, wanda ma'aikata ke kira lebul, daga na 01 zuwa na 17. A cikin kowane mataki kuma akwai ƙananan hawa da ake kira sitef, waɗanda ma'aikaci ke taka ɗaya a kowace shekara. Bayan gundarin albashi akwai alawus-alawus, kamar na haya da na sufuri.

Ke nan ma'aikaci yana iya samun ƙari ta hanya uku. Ta farko ita ce ƙarin sitef na shekara-shekara. Ta biyu ita ce ƙarin girma, wato a ɗaga shi daga wannan lebul zuwa na gaba. Ta uku kuwa ita ce bitar albashi, wato gwamnati ta sake duba jadawalin gaba ɗayansa ta canza adadin kuɗin kowane mataki. Hanyoyi biyu na farko sun shafi mutum ɗaya ne, amma ta ukun ta shafi kowa da kowa, kuma ita ce wannan babi ya mayar da hankali a kanta.

3.2 Ma'aikata Iri Uku a Kasuwa Ɗaya

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 221,367. An zaɓi wannan yanki ne domin a cikinsa ana samun ma'aikatan matakan gwamnati uku suna zaune gida na jikin gida.

Rukuni na farko su ne ma'aikatan tarayya, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, da na Babbar Kotun Tarayya da ke titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi. Waɗannan a Abuja ake yanke albashinsu. Rukuni na biyu su ne ma'aikatan jiha, kamar malaman sakandare da ma'aikatan kotunan majistare da masu zuwa sakatariyar Audu Bako kowace safiya. Su kuma gwamnatin jiha ce ke tsayar da nasu. Rukuni na uku su ne ma'aikatan ƙaramar hukuma, wadda sakatariyarta ke Unguwa Uku, tare da malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda ake cire albashinsu daga kason ƙananan hukumomi.

Abin lura a nan shi ne, duk da hannun da ke biyan su daban-daban ne, kasuwar da suke cefane ɗaya ce. Mai kayan miya a kasuwar Tarauni ba ya tambayar mai saye ko shi na tarayya ne ko na jiha. Haka nan mai gidan haya da ɗan adaidaita sahu. Saboda haka duk ranar da aka sanar da ƙarin albashi a rediyo, farashi kan motsa wa kowa, alhali kuwa ƙarin bai iso wa kowa a rana ɗaya ba.

3.3 Taƙaitaccen Tarihin Bitar Albashi a Nijeriya

3.3.1 Daga Zamanin Turawa zuwa 1971

Turawan mulkin mallaka sun saba kafa hukumar bincike duk lokacin da ma'aikata suka koka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kaya sun yi tsada ƙwarai, albashi kuwa yana nan inda yake. Wannan ne ya jawo yajin aikin gama-gari na 1945, wanda aka fara a watan Yuni aka shafe kwana 44 ana yi, kuma Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa yana cikin jagororinsa. Bayan yajin ne aka kafa hukumar Tudor Davies, wadda ta ba da shawarar ƙara alawus ɗin tsadar rayuwa. Daga nan aka yi hukumar Harragin a 1946, da ta Gorsuch a 1954 zuwa 1955, da ta Mbanefo a 1959.

Bayan samun 'yancin kai ma ba ta sake zane ba. An kafa hukumar Morgan a 1963, ta kuma ba da shawarar a raba ƙasa shiyya-shiyya bisa tsadar rayuwa, Ikko ta fi kowa samun kaso mai tsoka. Da gwamnati ta yi jinkirin fitar da rahoton, sai ma'aikata suka tafi yajin aikin gama-gari a watan Yuni na 1964. Bayan yaƙin basasa kuma aka kafa hukumar Adebo a 1970, ta gama aikinta a 1971. A nan za a ga cewa tun farko tsarin guda ne, wato tsada ta zo, ma'aikata su yi kuka, a kafa hukuma, sannan a yi ƙari.

3.3.2 Hukumar Udoji

Babu wata hukuma da ta shahara a bakin jama'a kamar wadda Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1972 ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Aikinta ya wuce batun kuɗi kawai, domin ta duba yadda za a gyara aikin gwamnati baki ɗaya, kuma ita ce ta kawo tsarin matakai 17 da aka ambata a sama. An tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan N720 a shekara, wato N60 a wata.

Sai dai abin da jama'a suka riƙe shi ne yadda aka biya kuɗin. An mayar da fara aikin ƙarin baya zuwa watan Afrilu na 1974, aka tara ariyas na watanni aka biya a dunƙule a farkon 1975, lokacin Audu Bako yana gwamnan Jihar Kano. Kuɗi suka yi yawa a hannun mutane, kayan sayarwa kuwa ba su ƙaru ba, sai hauhawar farashi a wannan shekara ta haura kashi 30 cikin 100. Manomi da ɗan tireda da ba su karɓi ko kwabo ba su ma tsadar ba ta bar su ba. Har yanzu dattawa idan suka ce "shekarar Udoji" an san abin da suke nufi, kuma kalmar ta zama sunan duk wani kuɗi da ya faɗo wa mutum a dunƙule. Darasin da ke ciki shi ne, ƙarin da aka daɗe ana tarawa sannan aka sake shi lokaci guda yakan zo da tsadarsa a goye.

3.3.3 Dokar Mafi Ƙarancin Albashi

Daga 1981 ne aka fara tsayar da mafi ƙarancin albashi ta hanyar doka. A watan Mayu na wannan shekara Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta tafi yajin aiki tana neman N300, daga ƙarshe gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta amince da N125. Ga jerin manyan sauye-sauyen da aka yi tun daga lokacin:

1981: N125, zamanin Shehu Shagari
1991: N250, zamanin Ibrahim Babangida
2000: N5,500 ga jihohi da N7,500 ga tarayya, zamanin Olusegun Obasanjo
2011: N18,000, zamanin Goodluck Jonathan
2019: N30,000, zamanin Muhammadu Buhari
2024: N70,000, zamanin Bola Tinubu

Tsakanin 1991 da 2000 an yi wasu ƙare-ƙare, musamman na zamanin Janar Abdulsalami Abubakar a 1998, wanda daga baya aka rage shi domin an kasa biya. Idan aka dubi wannan jeri da kyau za a ga tazarar da ke tsakani: shekara 10, da 9, da 11, da 8, sannan 5. A duk tsawon waɗannan shekaru kasuwa ba ta tsaya jiran kowa ba.

3.4 Matakan da Ake Bi Wajen Tsayar da Albashi

Mataki na farko shi ne na doka. Tsarin Mulkin 1999 ya sanya batun ƙwadago da tsayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa a cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Wato jiha tana iya biyan fiye da abin da doka ta ce, amma ba ta da ikon biyan ƙasa da shi. Akwai kuma hukumar kula da albashi da kuɗaɗen shiga ta ƙasa, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 99 ta 1993, wadda ke ba gwamnatin tarayya shawara tana kuma fitar da jadawalin albashi. Albashin masu riƙe da muƙaman siyasa kuwa ba ya bin wannan hanya, domin hukumar raba arzikin ƙasa ce ke yanke shi.

Mataki na biyu shi ne kafa kwamitin ɓangarori uku, wato gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni. Mai Shari'a Alfa Belgore ne ya jagoranci wanda ya haifar da N18,000, Ama Pepple ta jagoranci na N30,000, sannan Bukar Goni Aji ya jagoranci kwamitin mutum 37 da aka rantsar a watan Janairu na 2024. Abubuwan da irin wannan kwamiti ke dubawa sun haɗa da bukatun ma'aikaci da iyalinsa, da tsadar rayuwa, da ƙarfin aljihun mai biya. Waɗannan su ne ma'aunan da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zayyana a yarjejeniyarta mai lamba 131 ta 1970.

A aikace dai zaman ya fi kama da cinikin kasuwa. Alal misali, a 2024 'yan ƙwadago sun sa suna a kan N615,000, gwamnati ta taya N48,000, suka ce albarka. Aka yi ta ja, su suna saukowa ita tana hawa, har aka tafi yajin aiki ranar 3 ga Yuni, aka kashe wutar lantarkin ƙasa. 'Yan ƙwadago suka sauko zuwa N250,000, gwamnati ta kai N62,000, daga ƙarshe aka sallama a kan N70,000. Shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar ranar 29 ga Yuli, 2024.

Mataki na uku shi ne daidaita sauran matakai, kuma nan ne gizo ke saƙa. Doka ta tsayar da albashin na ƙasa ne kawai. Idan aka ɗaga masinja aka bar akawu inda yake, to sun kusa zama ɗaya. Don haka sai an sake zama da majalisar sasantawa ta ma'aikatan gwamnati. A 2019 an sa hannu a doka ranar 18 ga Afrilu, amma ba a cim ma matsaya a kan sauran matakai ba sai a watan Oktoba. A jadawalin ma'aikatan ma'aikatun tarayya an ba mataki na 07 ƙarin kashi 23.2 cikin 100, na 08 kashi 20, na 09 kashi 19, na 10 zuwa 14 kashi 16, na 15 zuwa 17 kuma kashi 14. Wato yayin da albashin na ƙasa ya ƙaru da kusan kashi 67 cikin 100, na tsakiya bai samu ko rubu'in albashinsa ba. Wannan ne ya sa tazarar da ke tsakanin matakai take ta matsewa, malamin da ya shekara 15 yana aiki ya ga bai fi sabon ɗauka da wani abin kirki ba.

3.5 Yadda Ƙarin Yake Isowa Kano

Mataki na huɗu shi ne na jiha. Bayan an gama a Abuja, gwamnatin Jihar Kano takan kafa nata kwamiti, ta zauna da reshen ƙungiyar ƙwadago na jiha, a duba yawan ma'aikata da kason da ake samu daga asusun tarayya da kuma harajin cikin gida. Sai an daidaita a nan ne ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi suke ganin canji.

A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje an amince da N30,600, aka fara biya daga watan Disamba na 2019, wato wata takwas bayan sa hannu a dokar tarayya. A farkon 2021 kuma an samu saɓani lokacin da gwamnatin jiha ta rage albashin wata bisa dalilin raguwar kason tarayya, har ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki kafin a sasanta. Wannan ya nuna cewa tsayar da albashi a takarda daban, ɗorewar biyansa daban. A 2024 kuwa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da N71,000 a ƙarshen watan Oktoba, a kan a fara biya daga watan Nuwamba.

Idan aka koma ga rukunan nan uku na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, za a fahimci inda matsalar take. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi nan take. Ma'aikatan tarayya sun sami tallafin wucin gadi na N35,000 a wata bisa yarjejeniyar watan Oktoba na 2023. Sabon mafi ƙarancin albashi kuwa bai zama doka ba sai bayan wata 14 da janye tallafin, bai kuma iso jadawalin Jihar Kano ba sai bayan wata 17. Akwai kuma rukuni na huɗu da ba a cika tunawa da su ba, wato yaran shago da masu gadi da malaman ƙananan makarantun kuɗi. Dokar 2019 ta keɓe duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka su tsadar kawai suke gani.

3.6 Illar Jinkirin Bita

Hanya mafi sauƙi ta gane darajar albashi ita ce a duba abin da zai iya saye, domin yawan sifili a takarda ba ya cika tukunya. A watan Disamba na 2019 litar man fetur tana N145, ke nan N30,600 za ta sayi lita 211. A watan Nuwamba na 2024 lita ta haura N1,000 a Kano, ke nan N71,000 ba za ta kai lita 71 ba. Albashi ya ninka fiye da sau biyu, amma abin da yake saye na mai ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. An ɗauki fetur a matsayin misali ne domin shi ke jan kuɗin adaidaita sahu da na dakon hatsi daga Dawanau zuwa kasuwar Tarauni. Haka kuma idan aka auna da dalar Amurka, N125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200, amma N70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Yuni na 2024, ana tsakiyar cinikin albashin, hauhawar farashi ta kai kashi 34.19 cikin 100, ta abinci kuma ta haura kashi 40.

Illar wannan tana bayyana a zaman yau da kullum. Mai wannan bincike ya tashi a gidan ma'aikaci a Gyaɗi-Gyaɗi, ya kuma san yadda wata ke kasuwa biyu, kwanakin da aka ji alat da kwanakin da ake cewa wata ya yi nisa. A kashi na biyun ne littafin bashin mai kanti yake cika, a shiga adashi, a nemi rancen ƙungiyar taimakon kai da kai ta ofis. Wani ya tashi daga aiki ya ɗauki adaidaita sahu har dare, wani ya buɗe tebur a ƙofar gida. Mai haya kuma da wa'adin kuɗin shekara ya yi sai ya fara neman gida a bayan gari, kuɗin motarsa ya ƙaru. Daɗin daɗawa, gwamnati ma tana asara, domin ma'aikacin da hankalinsa ke kan cefane ba zai ba aiki haƙƙinsa ba, ƙwararru kamar likitoci da ma'aikatan jinya kuma sukan nemi inda ya fi maiƙo.

Amma adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Ma'aikatan gwamnati kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan jama'ar jiha, kuma duk kuɗin da ya tafi albashi an rage shi ne daga na ruwan sha da magani da gyaran makarantu. Ƙarin da ya fi ƙarfin asusu yakan ƙare a bashin albashi ko rage ma'aikata. Wannan hujja gaskiya ce, sai dai ita ma tana goyon bayan yin bita a kai a kai ne, domin ƙaramin ƙari na kowace shekara ya fi sauƙin shiga kasafin kuɗi a kan ninki biyu da zai faɗo rana ɗaya bayan yajin aiki.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa albashin ma'aikacin gwamnati yana bin matakai huɗu kafin ya canza, wato doka, da kwamitin ɓangarori uku, da daidaita sauran matakai, da kuma amincewar jiha. An ga kuma cewa daga 1945 zuwa 2024 yawancin bitar da aka yi ta biyo bayan tsada ne da yajin aiki. Dokar 2019 ta sanya wa'adin shekara 5 tsakanin bita da bita, ta 2024 kuma ta rage shi zuwa shekara 3, wanda ke nufin bita ta gaba za ta kama a 2027. Wannan ci gaba ne, amma a ra'ayin mai bincike bai wadatar ba matuƙar farashi yana tashi da kashi 20 ko 30 cikin 100 a shekara. Abin da ya fi dacewa shi ne Jihar Kano ta sami zaunannen kwamiti da zai riƙa duba farashin abinci da haya da sufuri a kowace shekara kafin a gabatar da kasafin kuɗi, a kuma fara biyan ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi a wata guda, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A babi na gaba za a dubi dabarun da iyalan ma'aikata a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suke bi wajen kai albashi ƙarshen wata.